Jirgin Malam Ba Ya Shan Mai

"Baban Mahfuza, don girman Allah me kake yi wa rediyona?"

Barau bai ko ɗaga kai ba. Yana tsugune a tsakar gida, ya riga ya farke cikin rediyon matarsa Hansai, ya ɓamɓaro mayen ƙarfen da ke bayan lasifika, ya liƙa shi a goshin babur ɗinsa. Akwai wani mayen ƙarfen da ya fi wannan girma, na tsohuwar lasifikar masallacin unguwa da ta mutu tun bara. Shi kuma ya ɗaure shi a bakin wani lanƙwasasshen rodi, ya tanke rodin a jikin babur ɗin da igiyar roba, yadda mayun biyu za su fuskanci juna, tsakaninsu bai fi faɗin yatsu biyu ba.

"Riƙe mini nan," ya ce wa matarsa.

"Wallahi ba zan riƙe ba. Yau kuma wane aljani ne ya shafe ka? Jama'a na neman abin sakawa a baka, kai kana nan kana wasan yara da gemunka."

Ya ƙyale ta. Ya hau babur, ya gyara zama, ya yi bisimilla, ya ɗage ƙafafunsa biyu daga ƙasa ya jira. Babur ya tsaya cik na ɗan lokaci kamar mai shawara, sannan ya kwanta ta hagu da shi gaba ɗaya, rim! Kaji suka watse. Hansai ta riƙe ciki tana dariya har da ƙwalla, tana cewa, "Sai Abuja, direba! A sauka lafiya!"

Sai tari ya taso daga bayan katanga, irin mai tsawon nan da ke fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Dariyar ta ɗauke. Hansai ta goge ido da gefen zani ta koma bakin murhu, Barau kuwa ya zauna nan cikin ƙasa yana duban gwiwarsa da ta ƙuje.

Mai tarin Malam Sharfaddeen ne, maƙwabcinsu, malamin kimiyya da aka turo makarantar sakandare ta Batsari. Mutumin Tsaskiya ne ta ƙasar Safana, bai yi aure ba, ɗaki ɗaya ya kama haya a gidan da katangarsu ta haɗu da ta Barau. Tun zuwansa Barau ne ɗan acaɓarsa, Hansai kuma ke zuba masa tuwo. Ciwon ƙoda ya kama shi shekarun baya. Da farko yana zuwa Katsina a yi masa wankin ƙoda ya dawo, daga baya hanya ta lalace, aljihu ya lalace, shi kansa ya gaji. Yanzu ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana sheƙi, ba ya iya kwanciya sai dai a jingine shi da bango. Ma'aikacin asibitin da ya zo ya duba shi shekaranjiya bai ce komai ba a ɗakin, sai da suka fito zaure ya ce wa Barau, "In yana da kowa, a kira shi."

A kira da me? Wannan damina ce aka datse sabis ɗin waya a duk yankin saboda mutanen daji. An hana sayar da fetur a jarka, 'yan bumburutu sun ɓace kamar ba a taɓa yin su ba, gidan man da aka bari kuwa in ka ga layinsa sai ka koma gida ka sha ruwa. Tankin Barau ya bushe ƙayau. Shi kuwa Malam abu ɗaya ya roƙe shi: ya je Tsaskiya ya ɗauko masa mahaifiyarsa. Ba ta san ciwon ya kai haka ba, don shi da kansa ya yi ta ɓoye mata. Barau ya dafa ƙirji ya ce, "In sha Allahu za ka ga Inna da idonka." Ya yi alkawarin ne kafin ya tuna babu ko ɗigo a tanki.

To wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Takobin Barau kuwa a ɗakin Malam ya gan shi.

Tun da aka rufe makaranta Malam ba shi da abin yi sai wani wasa da ke cikin tsohuwar kwamfutarsa. Ba irin na harbe-harbe ba ne. A ciki mutum yake ƙera jirgin sama jannati da kansa, ya haɗa tanki da inji da ɗakin matuƙi, ya harba shi sama, ya yi ta lissafin hanya da na mai har ya sauka a kan wata. Malam yana da wani matuƙi a ciki, ɗan mitsitsi mai ƙaton kai, ya raɗa masa suna Kamalu. Wata rana ya aika shi wata duniya mai nisa, lissafi ya kuskure, mai ya ƙare. Kamalu ya maƙale a can, kullum aka buɗe sai a gan shi ta taga yana murmushi.

"Ba ya jin yunwa?" Barau ya taɓa tambaya.

"Ba ya ci, ba ya tsufa. Jira kawai yake yi."

"Kai, Allah wadaran wannan aiki. Ka kai bawan Allah ka yar."

Duk jirgin da Malam ya ƙera don ɗauko shi, man ba ya isa zuwa da dawowa. Sai ya koma ga wata dabara da ya gani wurin masu wasan na wasu ƙasashe tun ana da sabis. Akwai wasu zobba da ake haɗa jirgi da jirgi da su a sama, suna jan juna kamar mayen ƙarfe. In ka ɗaura biyu a jikin jirgi ɗaya suna kallon juna, ka rage ƙarfin guda, sai jirgin ya fara tafiya da kansa, babu inji, babu hayaƙi, babu mai. Barau na zaune a bakin katifa ranar da abin ya yi aiki. Jirgin ya yi ta kakkarwa kamar zai tarwatse, sannan ya ɗaga, lambobin gudu suka yi ta hawa, ma'aunin mai kuwa yana kan sifiri. Malam ya yi ihun da aka daɗe ba a ji daga bakinsa ba. Abin ya kwana a ran Barau.

Yanzu ya kakkaɓe wandonsa ya zagaya ya shiga da sallama. Ɗakin na warin magani da zufa. Malam na jingine, kwamfuta a kan cinyarsa, 'yar fanka na juyawa a gefensa, ƙaramin janareta na ƙugi a bayan taga.

"Me ya faɗi a gidanku?" Malam ya tambaya, yana jan numfashi tsakanin kalmomi. "Na ji Maman Mahfuza tana aika ka Abuja."

Barau ya sosa ƙeya ya faɗa masa gaskiya. Malam ya dube shi, ya dubi kwamfuta, sai dariya ta kama shi. Dariyar ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, har sai da Barau ya tallafe shi ya ba shi ruwa a cokali.

"Lasifikar masallaci!" ya ce da ya samu kansa. "Haba Barau. Haba maƙwabci."

"To ai da idona na ga naka ya tashi, Malam."

"Ya tashi. Amma ka san me nake hawa? Mantuwa nake hawa. Wanda ya rubuta wasan nan ɗan Adam ne. Ya lissafa yadda wannan zobe ke jan wancan, ya manta bai lissafa yadda wancan ke jan wannan daidai ba. Ɗan abin da ya manta, shi ne man jirgina." Ya huta. "Nan kuwa ba a manta komai ba. Ka ja abu, ya ja ka daidai yadda ka ja shi. Abin da na yi ta koya wa yara ke nan suna gyangyaɗi. Ni ma na nemi inda aka yi mantuwa, Barau, a jikin nan nawa na nema. Babu."

Barau ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, baƙin ciki kuma ya fi kunyar yawa.

Malam ya ɗan karkata kai wajen taga yana sauraron janareta. Man da ke cikinsa tun kafin doka aka saye shi, ana tattalinsa kamar kwalli, a kunna kaɗan da rana in zafi ya matsa masa numfashi, a kashe.

"Je ka kashe shi," ya ce. "Ka tsiyaye abin da ya rage ka zuba a babur."

"Fankar fa? Ka san yadda kake yi in rana ta take."

"Akwai mafici."

"Kamalu fa? Ka ce jirgin ya yi rabin hanya."

Malam ya dubi allon. Jirgin na can cikin baƙin sarari, yana tafiya yana kakkarwa. Ya sa hannu ya rufe kwamfutar a hankali.

"Kamalu zai iya jira," ya ce. "Ni ne ba zan iya ba."

Washegari ana sallame asuba Barau ya kwance rodi da mayun ƙarfe ya jefar a bayan ɗaki, ya tura babur waje. Hansai ta riga ta shiga wurin Malam da kunu da mafici. Da ya leƙa yin sallama, Malam ya kama hannunsa. Hannun ya yi sanyi, ya yi taushi saboda kumburi.

"Kada ka tsorata ta," ya ce. "Tsohuwa ce."

Ya girgiza tanki ya saurara. Man ba zai isa zagaye ta titin kwalta ba, sai dai yanke, ta hanyar da masu hankali suka daina bi. Ya bi ta. Gero ya nuna a gonakin da aka samu aka shuka, yana tsaye ba mai yanka, tsuntsaye na biki. Wasu gonakin kuwa ciyawa ce ta gaje su. Ya ratsa ƙauyukan da ya sha kai fasinja ranar kasuwa, yanzu ƙofofi a buɗe, ba hayaƙi, ba kukan akuya. A shingen jami'an tsaro aka tsayar da shi, aka buɗe tanki aka leƙa, aka tambaye shi wa zai kai wa mai a daji. Ya ce su duba da kyau, in sun ga na kai wa wani su raba da shi. Ɗayansu ya yi tsaki ya ɗaga masa hannu.

Duk gangaren da ya samu sai ya kashe inji ya bar babur ya gangara da kansa, ya kwantar da ƙirji a kan tanki, ba abin da ake ji sai kukan sarƙa. In gudun ya kusa mutuwa sai ya saka giya ya saki kuloci ya tashe shi. Haka ya yi ta satar hanya, taki ɗaya nan, taki ɗaya can, bakinsa bai huta da addu'a ba. Hantsi ya yi sosai ya shiga Tsaskiya.

Ba a sha wuyar nuna masa gidan ba. Inna na zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake, 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa, yanar ido ta rufe mata gani har idon ya yi fari-fari, sai dai ta gane mutum da murya. Matan gida suka shimfiɗa masa tabarma. Ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lahiya lau, ɗan nan. An zo lahiya? Ina gajiya? Ya hanya? Ya mutan gida? Ya damina wajenku? Ya kuma wannan zama da muke ciki?"

Ya amsa duka, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shi Barau ne, maƙwabcin Malam daga Batsari. Hannunta ya tsaya a cikin waken, sannan ya ci gaba. Ba ta tambayi ɗanta ba, kuma ba wanda ya yi tsammanin za ta tambaya. Malam ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, kakarsa ce ta goye shi. Irin tsofaffin nan ne da in ana maganar ɗan fari sai su kau da kai kamar ana zancen baƙo.

Wata daga cikin matan ce ta yi tambayar a madadinta. "Ya jikin nasa? Mun ji an ce kwanaki ba ya jin daɗi."

A nan ne Barau ya yi abin da kowa ke yi. Ya dubi tsohuwar, ya tuna an ce kada ya tsorata ta, bakinsa ya buɗe da kansa.

"Da sauƙi," ya ce. "Jikin ne ya ɗan matsa, yana son ganin Inna. Amma da sauƙi, alhamdu lillahi."

Kai, wannan "da sauƙi" tamu! Mutum na shure-shuren mutuwa a tambaye mu, mu ce da sauƙi. An haife mu da ita a baki, ba mu san ranar da za ta ci mu ba.

"To madalla," in ji Inna. "Allah shi ƙara sauƙi. A kawo wa baƙo ruwa."

Aka kawo ruwa, aka kawo ɗumame. Ya ce a ƙoshe yake, aka ce ba a yi haka ba. Ya ce hanya ba kyau, gara a kama ta da wuri. Inna ta ce gaggawa aikin shaiɗan ce, kuma ita ba ta zuwa garin mutane hannu rabbana. Ta sa aka jiƙa gero, aka surfa, aka daka. Ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba, ita za ta kirɓa furar da kanta, da citta da kanumfari yadda ake so. Ba ta faɗi mai so ɗin ba. Barau na zaune a bakin tabarma yana kallon inuwar rumbu tana janyewa. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga mata sun kewaye ta ana hira, ya haɗiye.

Ya fita neman mai. Duk wanda ya tambaya sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce babu, don a wannan lokaci sayar wa baƙo fetur na iya jawo wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa. Da ƙyar mai injin niƙa ya ji tausayinsa, ya ja shi bayan shago ya tsiyaya masa abin da bai cika gwangwanin madara ba, ya ce kada ya ce ya san shi.

Da ya dawo an kira azahar. Inna ta ce ai sai a yi salla. Aka yi. Sannan aka fito da kaya: ƙullin wake, ƙullin kuka, 'yar jarkar man shanu, da ƙwaryar fura da aka dama aka rufe da faifai. Ya so ya ce nauyi na shan mai, bai iya ba. Aka ɗaure kaya a baya, aka ɗora tsohuwa, ta rungume ƙwaryar a cinyarta. Har suka fita gari tana ba matan gida sallahu a kan kaji.

Sun ci fiye da rabin hanya babur ya fara shaƙewa. Ya murɗa rizab, ɗan man ajiyar tanki ya sauko, ya ɗan ƙara gaba. Ya sake shaƙewa ya mutu. Barau ya sauke Inna, ya kwantar da babur a gefensa don ɗan abin da ya maƙale a lungun tanki ya gangaro, ya tashe shi, ya kafa baki a bakin tanki ya hura har idonsa ya yi ja. Ya taka, injin ya tashi. Suka yi 'yar tafiya ya mutu. Ya sake kwantarwa, ya sake hurawa. A karo na gaba ko tari injin bai yi ba. Ya tsaya yana haki, ɗacin fetur a leɓensa, gero ya kewaye su ta ko'ina, ba kowa.

"Ya lalace ne?" Inna ta tambaya.

"Mai ne ya ƙare, Inna. Hau, zan tura."

"In taka mana da ƙafata."

Ta gwada. Gwiwoyinta ba su kai ta ko'ina ba. Ya mayar da ita kan sirdi, ya kama ƙaho, ya sa kafaɗa. Inda ƙasa ta yi tauri abin da dama. Inda yashi ne kuwa taya sai ta nutse, ya yi ta nishi, silifas ɗinsa na zamewa. Rigarsa ta jiƙe ta manne. Rana ta karkata. A wani hawa ya tsaya ya jingina babur da cinyarsa, ya ji ba zai iya ci gaba da ɗaukar abin nan shi kaɗai ba.

"Inna," ya ce, "ki gafarce ni. Ba da sauƙi ba ne. Jikin ya yi tsanani ƙwarai."

Ta gyara faifan da ke kan ƙwarya.

"Na sani," ta ce. "Tun da ka zauna a bakin tabarma kamar mai shirin tserewa na sani. Wa ke biyo wagga hanya don ciwon da ke da sauƙi?"

"To Inna, me ya sa..." Bai ƙarasa ba.

"Mata na kallona, ɗan nan. In zabura in yi ta rawar jiki a kan ɗan fari, a ce me? Haka aka koya muna." Muryarta ta yi ƙasa. "Kuma na ga kamar in na yi sauri, abin ya tabbata ke nan. In na tsaya na yi fura, to mai shan fura za ni gani."

Barau ya ji hawaye na gangaro masa cikin zufa. Bai share ba, ya ci gaba da turi.

Can ta ce, "Ya rame?"

"Kumburi ya yi."

"Yana cin abinci?"

"Kunu kaɗan. Mai ɗakina ke ba shi."

"Allah shi yi mata albarka." Suka ɗan taɓa tafiya. "Can wurinku, da wane suna kuke kiran shi?"

"Malam Sharfaddeen."

Ya waiwaya. Leɓunanta na motsi, ba sauti, kamar mai koyon wata sabuwar addu'a. Ya mayar da kansa gaba da sauri don kada ta ji yana kallonta.

La'asar ta yi sanyi suka shigo Batsari. Ƙafafun Barau sun daina jin ƙasa. Mai shayin bakin hanya, wanda kullum sai ya tsokane shi, ya gan shi ya miƙe tsaye ya kau da kai. Wani abokin acaɓarsa ya taho da sauri, ya buɗe baki, "Barau, ya haƙu..." sai ya ga wadda ke kan babur, ya rufe bakin da hannu ya ja gefe. Barau bai tsaya ba. Ya ce wa ransa wataƙila wani ne, garin nan kullum ana mutuwa.

Ya karya kwanar lungunsu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Malam, maza zaune jere, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. An jingina makara a bangon masallaci. Liman ne ya fara ganinsu, ya ɗaga hannu, maganar da ake yi ƙasa-ƙasa ta ɗauke gaba ɗaya. Hansai na tsaye a bakin zaurensu, idanunta sun kumbura. Suka haɗa ido da mijinta, ta girgiza kai, ta nuna sama da yatsa inda rana take tsayawa da hantsi. Tun yana zaune a bakin tabarma ke nan, ana jiƙa gero.

Inna ta ji an bar yashi an hau ƙasa mai tauri, ta ji inuwar katangu. Ta ɗaga fararen idanunta.

"Mun iso, ɗan nan?"

Barau ya dubi ƙofar. Ga ta nan, taku kaɗan, an ɗage labulen buhun da ke bakinta.

"Saura kaɗan, Inna," ya ce.

Ya tura babur ya bi ta tsakiyar tabarmi, maza na janye ƙafafu suna ba shi hanya. Ya wuce ƙofar Malam, ya wuce tasa, ya miƙe lungun da ba ya kai wa ko'ina sai bakin kududdufi. A bayansa mutane suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya, suna biye da su a hankali, ba mai ko tari. Inna ta sa hannu ɗaya ta gyara mayafinta, ta goge fuska, ta daidaita zama irin na mai shirin shiga gidan mutane. Ɗaya hannun yana kan faifai, ta danne shi sosai don kada furar ta zube.